Wasiƙa ga manyan malamanmu na Maradi: ku buɗe mana ƙofar da ke cikin salularku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena kuma malamaina, farfesoshi da shugabannin sassa da duk wanda ya riga mu shiga aikin koyarwa a jami'o'i da manyan makarantun garin nan namu na Maradi, ina gaishe ku cikin girmamawa, ina gajiya, ina fama da ɗalibai. Ni ɗiyarku ce, wasunku sun koya mini a anfi, wasu sun zauna cikin juri ranar sutnans ɗina, wato ranar da na kare kundin bincikena, yau kuma Allah ya sa ina riƙe alli kusa da ku, ina koyar da abin da ya shafi ƙwarin amfanin gona a ɗaya daga cikin makarantun nan. Na daɗe ina juya maganar ga cikin raina, in na tashi faɗinta a taron malamai sai nauyinku ya kama ni in koma in zauna, shi ya sa na ce bari in rubuta ta inda kowa zai gani, wanda na saɓa ma ya yahe mini.

Maganar salula ce, da yadda muke aiki da ita tsakaninmu mu malamai.

Ku duba wayata yanzu za ku tarar da gurup na WhatsApp na sashe, da na fakulte, da na sandika, da na ƴan promo ɗinmu, da na malamai mata, kuma na tabbata taku ta hi tawa cika. Da asuba barka da Juma'a, da hantsi sanarwar suna ko ɗaurin aure, da dare ta'aziyya da lisit na gudummawa. Wallahi ban rena wannan ba, kuma ba zan taɓa renawa ba, don ranar da mahaifina ya rasu ban ma kai Tasawa ba saƙo ya gama zagaye makaranta, kahin in sauka mota an haɗa kuɗi an aiko mini, washegari malamai cike da mota biyu suka zo gaisuwa, har da wanda ban taɓa magana da shi ba sai gaisuwar hanya. Ranar na gane mun iya wannan abu, mun iya haɗa kanmu cikin minti goma in muka ga dama. To abin da ke ci mini rai shi ne, me ya sa labarin rasuwa ke iske kowa cikin minti goma amma labarin burs, wato tallafin karatu, ko na kolok, wato taron masana, ko na kiran rubuta makala sai ya yi wata guda yana kwance cikin wayar mutum ɗaya?

Ba da ka nake magana ba. Shekarar da ta wuce waccan akwai wani tallafin bincike na mata masu kimiyya da ya dace da ni kamar an auna, wani babba daga cikin manyanmu ya samu sanarwar tun ranar da aka buɗe, ta wajen abokansa na waje, bai tura mini ba sai ana saura kwana biyu a ruhe, ya rubuta ƙasa wai "ki gwada". Kwana biyu, ga dosiye na son wasiƙar shaida biyu, ga tsarin bincike da Ingilishi, ga bajet, ga kuran da aka ɗauke tun azahar, ga yaro na zazzaɓi. Na kwana biyu ban runtsa ba kuma ban gama ba. Na san ba mugunta ya yi ba, mutumin kirki ne, mantuwa ce da yawan aiki, amma da a ce akwai wuri guda da aka saba jefa irin wannan sanarwa ranar da ta hito, da bai ma buƙaci ya tuna da ni ba, yatsa ɗaya zai danna ya wuce harkarsa. Daga baya ne na koyi bin shahukan OWSD da AWARD da TWAS da RUFORUM, ƙungiyoyin da ke tallafa ma masu bincike, da kaina a Facebook da LinkedIn, sai na ga ashe duk shekara ƙofofin nan a buɗe suke, kuma Nijar na cikin ƙasashen da ake nema, mu ne dai ba mu ji.

Kun san inda labarin aiki ke yawo a garin nan, a fada yake yawo, bayan isha'i, ana shan shayi ana hira sai wani ya ce af, an ce za a yi taron kaza a Wagadugu, wani ya ce akwai proje da ke neman mai kaza. Wanda ke zaune kan tabarmar ya ji, wanda ba ya nan shi ke nan. To mu mata ba mu zama fada kuma ba za mu zauna ba, vakater, malamin da ake biya da awa, da ke gudu kan kabu-kabu tsakanin makaranta uku don ya haɗa abin cefane shi ma ba ya nan, sabon malamin da aka turo daga Difa ko Dosso bai san kowa ba balle a jawo shi. Ba wanda ya kore mu, amma a waje muke. Salula ce kaɗai fadar da kowa ke iya zama, da mai goyo da mai takaba da wanda ke can ƙauye wajen Dakoro yana bin ɗalibansa na estaj.

Sai maganar CAMES, hukumar da ke tantance ƙarin girman malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu Faransanci, wadda ita ke hana ƙananan malamai barci. Hukumar nan a Yamai aka kafa ta a 1968, mazauninta na Wagadugu, kuma duk wanda ke son hawa daga asistan zuwa metir-asistan har zuwa farfesa sai dosiyensa ya bi ta hannunta, kowace shekara wajen watan Yuli ana jiran sakamako kamar ana jiran ruwan shuka. Ku kun bi hanyar nan kun hita, wasunku ma sun zauna cikin kwamitin da ke duba dosiye, kun san abin da ke sa a mayar da mutum, kun san mujallar da ake girmamawa da wadda in an gan ta ake yatsina fuska. Mu ba mu sani ba sai mun faɗa rami. Wani abokin aikina, yaro mai ƙoƙari wallahi, ya ga talla a Facebook ta wata mujalla mai suna mai daɗi, suka ce cikin kwana bakwai za su buga, ya cire kuɗi masu ciwo daga albashinsa ya tura, aka buga mishi ko waƙafi ba a gyara ba, ba wanda ya karanta balle ya tantance, yana murna ya sa cikin dosiyen LAFMA, wato na neman zama metir-asistan, daga baya aka gaya mishi mujallar ta ƴan damfara ce, aikin shekara biyu ya tahi a banza don ba ya iya sake buga shi wani wuri. Vokal na minti biyar daga bakin ɗayanku cikin gurup, a ce yara ku kula, duk mujallar da ta yi muku alkawarin bugawa cikin sati ku guje ta, ku duba ko tana cikin AJOL ko DOAJ, shahukan da ke jera mujallun da aka tantance, ku tambaye mu kahin ku biya, da ya tsira. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, mun yarda, to don Allah ku riƙa gaya mana abin da kuka hango tun ba mu taka ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya hi damuna, Katsina.

Daga nan zuwa Yamai sama da kilomita 600 ne, yini guda cikin bis. Daga nan zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya bai kai kilomita 100 ba. Sarkin garin nan har gobe Sarkin Katsina ake ce mishi, kakanninmu daga can suka taso, ba gidan da ba shi da dangi a tsallake, ƴan kasuwarmu sun san Kantin Kwari da Dawanau kamar tahin hannunsu. Amma mu masu boko fa? Malamin Maradi ya san sunan abokin bincikensa na Mompeliye da na Dakar, ya san ranar haihuwar ɗansa ma, amma tambaye shi wa ke koyar da irin darasinsa a Jami'ar Umaru Musa Ƴar'aduwa ta Katsina ko ta tarayya da ke Dutsin-Ma, ko a Bayero ta Kano inda ke da cibiya sukutum ta noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, ko Samaru ta Zariya da ta daɗe tana hidda irin wake da dawa, sai ya yi shiru. Ƙasa ɗaya muke takawa, damina ɗaya, ƙuduji ɗaya ke kashe mana hatsi, fari ɗaya, amma su suna rubutu da Ingilishi mu da Faransanci, sai kowa ya juya ma ɗan'uwansa baya yana kallon teku.

Ni salula ta warkar da ni daga wannan. Wata ɗalibata da ke memuwar, wato kundin kammala karatu, kan zogale a gonakin rani na Jiratawa ta kawo mini tsutsar da ke cinye ganyen tas ta bar sanda, manoma suna ta fesa magani mai ƙarhi kan ganyen da gobe za a kai kasuwa a dafa a ci da ƙuli, abin ya tsaya mini a rai. Na ɗauki hoto na sa cikin wani gurup na Facebook na masu nazarin ƙwari, na rubuta da ɗan Ingilishin da nake da shi. Ba a yi awa uku ba wata malama daga wata jami'a ta arewacin Nijeriya ta amsa, muka koma WhatsApp, muna ta fama ni Ingilishina na ɗingishi ita ba ta jin Faransanci ko kaɗan, can sai ta ga sunana ta aiko vokal ta ce "Hajiya wai ba kya jin Hausa ne?" Wallahi sai da na ji hawaye. Daga ranar aka ɗauke shingen. Ta turo mini makaloli uku da ba zan taɓa samu ba, ta bayyana mini yadda suka gwada ruwan ƴaƴan bedi, wanda su suke ce ma darbejiya ko dogon yaro, da awon da suka yi da tazarar kwanakin fesawa, ta duba mini taƙaitawar Ingilishi ta makalata, wani ɗalibinta ya koya ma tawa ɗalibar lissahi da manhajar R ta kiran bidiyo dare huɗu a jere. Har yau ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba, amma sunanmu na kan takarda ɗaya da muka tura mujalla, kuma da ta aurar da ɗiyarta na aika mata turaren wuta ta hannun direban Katsina.

Kuma kar ku zaci mu ne kullum masu roƙo. Ita ma sai da ta buɗe baki da na ba ta labarin abin da ke nan. Sassaben zamani, wato barin kututture ya tohu a gyara shi ya zama icce cikin gona, a yankin Maradi ya kankama tun shekarun 1980, yau duniya na zuwa kallo, miliyoyin eka sun koma kore tsakanin nan da Damagaram. Buhun PICS mai ruɓi uku da ke ajiye wake ba magani, masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, na nan Maradi suna cikin waɗanda suka yi wahalar gwada shi ƙauye ƙauye. Yaƙi da murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, ta hanyar sakin ɗan ƙwaron da ke kashe ta daga ƴan buhunan da ake ratayewa a gari, nan ma mutanenmu sun yi nisa. Duk wannan ilimi yana hannunku, ku kuka yi shi, amma yawancinsa na cikin rahoto da memuwar da aka jibge cikin almuwar gara na ci, wanda ke Katsina bai san da shi ba, ƙanenmu da ke Tawa ma bai sani ba, sai ya sake binciken da aka gama shekara goma da suka wuce.

Ku tuna iyaka fa ba kullum take buɗe ba. Nijeriya ta ruhe tata daga Agustan 2019 har Disamban 2020, aka zo aka sake ruhewa bayan Yulin 2023 har cikin 2024, motoci suka yi layi, kaya suka ruɓe, amma vokal bai tsaya Ɗan Isa an tambaye shi takarda ba. Lokacin korona a 2020 da aka ruhe makarantu, da me muka riƙe ɗalibai in ba WhatsApp ba? Kuma tun 2025 dokar ƙasa ta ɗora Hausa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama na aiki. To ga harshen a bakinmu, ga miliyoyin masu jin shi a tsallake, har da farfesoshin da suka shekara hamsin suna rubuta ilimi da shi, me muke jira?

Wani abu kuma ƙarami amma yana da ciwo. In ka rubuta sunan da yawa daga cikin manyanmu a Google Scholar, shahin neman makalolin bincike, ba ka ganin komai, ko ka ga aikin a warwatse, don sunayenmu sun yi kama, yau an rubuta Mahamane gobe Maman jibi Mahamadou, wata mujalla ta sa sunan uba gaba wata ta sa shi baya, sai mutum ɗaya ya zama mutum huɗu kowane da makala biyu. Lambar ORCID kyauta ce, lamba 16 ce da ke bin ka duk inda ka buga, minti goma ake buɗe ta. Shahin Google Scholar da na ResearchGate su ma kyauta. In lokaci ne babu, ku ba mu izini mu ƙanana mu zo biro mu zauna kusa da ku mu buɗe muku, mu ɗauki hoton tsohin makalolinku mu ɗora, ladarmu ke nan. Haka Research4Life, rumbun mujallun bincike na intanet, da AGORA ta fannin noma da Hinari ta fannin lahiya, makarantun ƙasa irin tamu na iya shiga kyauta in sun yi rijista, amma sau nawa na ga malami na roƙon makala a gurup alhali wataƙila kalmar sirrin shiga tana cikin aljihun tebur ɗin wani.

Na san abin da wasunku ke cewa, na ji da kunnena. Wai Facebook wurin yara ne da ƴan siyasa, farfesa ya shiga a zage shi girma ya zube. Wai in ka faɗi abin da kake bincike wani zai sace. Wai akwai dokar laihukan intanet ta 2019, mutum ya yi magana ta zame mishi bala'i. Ban ce tsoron banza ba ne, satar aiki na faruwa kuma na ga wanda aka yi ma. Amma ba cewa na yi ku zuba danyen sakamakonku a fili ba, ba kuma cewa na yi ku shiga gardamar siyasa da wanda ba ku sani ba. Gurup na aiki da aka san kowa da sunansa da makarantarsa daban yake da dandalin da kowa ke shiga, kuma wanda ya saka aikinsa da kwanan wata gaban mutum ɗari ya hi wanda ya ɓoye shaidu in an zo gardama. Girma kuwa, ni ban taɓa ganin malamin da ya amsa tambayar ƙaramin malami girmansa ya ragu ba, wanda ya amsa mini tambaya ƙarhe goma na dare kan yadda ake amsa ma masu tantance makala, har in mutu ina yi mishi addu'a.

Akwai kuma wadda dole in faɗa ko da ba daɗi. Malamai mata da yawa sun hita daga gurup na aiki, wasu mazansu suka ce su hita, ba don komai ba sai don da lambarsu ta bayyana sai wani ya bi su ta gehe da "kin yi barci?" da tsakar dare, a wayance da maganar aiki. Wannan na kashe mana zumuncin aiki tun bai tashi ba, kuma ƙaramar malama ba ta iya tsawata ma wanda gobe zai sa hannu kan dosiyenta. Ku ne za ku iya. In babba ya faɗa sau ɗaya a fili cewa wanda ya yi haka za a hidda shi kuma za a kira shi gaban manya, za a daina.

Maganar forfe da rezo kuwa kun san ta, vakater da bai ga kuɗin awowinsa ba wata da watanni ba zai iya kiran bidiyo na awa biyu ba, mega ɗin da ya saya na jaka ɗaya kahin a gama gaisuwa ya ƙare. Shi ya sa na hi son vokal da PDF, suna jira har rezo ya dawo. Shugabannin makarantu kuma in za a samu wifi mai aiki ko a ɗakin malamai kaɗai, da batir ko sola da zai riƙe shi in an ɗauke kuran, ya hi mana wani dogon buki na buɗe shekara.

Jami'ar gwamnati ta garin nan a 2010 aka kafa ta, tare da ta Damagaram da ta Tawa, yarinya ce in aka gwada da ta Yamai, kuma sunan da take ɗauke da shi, Dan Dicko Dankoulodo, na mutumin da ya shugabanci hukumar haɗin kan ƙasashe masu Faransanci ta fannin al'adu da fasaha ne daga 1974 zuwa 1982, lokacin da haɗa malamin wata ƙasa da na wata sai da wasiƙa da tambur da jiran sati uku. Ga kuma masu zaman kansu da suka buɗe, har da masu koyarwa da Ingilishi da ɗalibai da malamai ƴan Nijeriya cike, muna haɗuwa da su a kasuwa da masallaci amma ba mu taɓa zama mun tambayi juna me kake koyarwa ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Gurup ɗaya na aiki zalla, ba barka da Juma'a ba ta'aziyya, waɗannan suna da gidansu kuma ina ciki. Duk sanarwar burs ko kolok ko proje a jefa ta ranar da aka gan ta. Masu kula da shi a sa mace a ciki, a sa vakater, kar ya zama na masu manyan riguna kaɗai. A gayyato na Damagaram da Tawa da Katsina da Dutsin-Ma da Kano, kowa ya yi magana da harshen da ya sauƙaƙa mishi, in an cije a koma Hausa. Sau ɗaya a wata babba ɗaya ya ba mu awa guda, mu tara tambayoyi ya amsa da vokal lokacin da ya samu sarari, ko yana cikin mota ne kan hanyar Yamai.

Mu ƙanana mun riga mun fara, mu goma sha ɗaya ne yanzu, uku daga tsallaken iyaka, Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu tattauna yadda ake shirya dosiyen LAFMA, kuma gaskiya duk cikinmu ba wanda ya taɓa wuce matakin, makaho ne zai ja makaho. Muna neman mutum ɗaya daga cikinku da ya taɓa zama kwamitin ya shigo ranar. Kun san ni, kun san biro ɗina, ku aiko ɗalibi ya ce mini in sa lambarku.

Allah ya ƙara muku lahiya da nisan kwana, ya saka muku da alheri kan abin da kuka koya mana.

Ɗiyarku kuma ɗalibarku,
wata malama a Maradi.